Yadda Ake Buɗe Siririyar Kwamfutar Tafi-da-gidanka a Ƙara Mata RAM da SSD

Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a nan Damagaram na hannu ne. Wasu sun zo daga Turai da madannan AZERTY, wasu sun biyo ta Kano da QWERTY, amma ciwonsu ɗaya ne: bayan ɗan lokaci sai su fara nauyi, su riƙa zafi, fanka tana kuka kamar za ta fita. Daga nan sai mai ita ya ce ta tsufa, ya fara tara kuɗin wata. Ni kam hakan yana yi mini ciwo, domin da yawansu lafiyarsu lau. RAM ɗin giga 4, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, shi ne ya yi musu kaɗan, ko ma'ajiyar ta cika, ko ƙurar hunturu ta toshe mafitar iska. Duk ukun nan mutum zai iya gyarawa da hannunsa a bisa tebur, in dai ya bi a hankali.

Sai dai siririyar kwamfuta ba irin tsofaffin nan masu kauri ba ce, waɗanda ake kwance noti biyu a cire ƴar ƙofa a ga RAM a fili. Ita sai an ɗauke murfin ƙasa gaba ɗaya, batirinta yana ciki, kuma wasu kayanta a like suke da dalma. Shi ya sa rabin aikin ana gama shi ne tun ba a taɓa sukudireba ba.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Juya kwamfutar ka karanta cikakken sunanta da lambarta a ƙasa. Cewa "HP ce" ko "Lenovo ce" bai isa ba. HP EliteBook 840 G3 tana da gurbin RAM biyu, da gurbin SSD siriri, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri marar faifai mai juyawa, da kuma wurin faifai mai inci 2.5. ThinkPad T480s RAM ɗaya a like yake, gurbi ɗaya kawai aka bar maka. ThinkPad X1 Carbon da Dell XPS 13 RAM ɗinsu duka a like yake da babban allo, wato allon ciki da duk kayan kwamfutar suke jone a kansa, ba a ƙara shi ko da wane gwani ka kai wa, amma a yawancinsu SSD yana canzuwa. MacBook Air kuwa daga ƙirar 2018 zuwa yau, da RAM da ma'ajiya duk a like suke. Haka nan yawancin ƙananan kwamfutocin nan masu araha da ke zuwa da ma'ajiyar eMMC ta giga 32 ko 64. Idan taka tana cikin waɗannan na ƙarshe, kada ka ɓata kuɗinka, tsabtace fanka kaɗai ya rage maka, in ma tana da fankar.

Da wannan lambar za ka nemi littafin gyara na kamfanin a intanet. HP da Lenovo da Dell duk suna saka shi kyauta, da zanen kowane noti da inda yake. Ko ba ka jin yaren da aka rubuta shi, hotunan sun wadatar. Sauke shi a wayarka, don kwamfutar za ta kasance a kashe lokacin da za ka buƙace shi.

Sannan ka kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Idan Windows ɗinka na Faransanci ne, taga mai suna Gestionnaire des tâches za ta buɗe, ka shiga Performances, ka zaɓi Mémoire. Nan za ka ga yawan RAM, da saurinsa, da adadin gurabun da aka cika. Wani lokaci abin da yake nunawa game da gurabu ba daidai ba ne, don haka littafin kamfani shi ne alƙali.

Me ya kamata ka fara saya? RAM kamar tabarmar shanya yake, SSD kuma rumbu: in tabarma ta yi kaɗan, sai ka yi ta kai da kawo zuwa rumbu, aiki ya tsaya. Idan kwamfutarka har yanzu tana da tsohon faifai mai juyawa, SSD za ka fara saya, babu tantama, shi ne canjin da za ka ji a jikinka tun daga kunnawar farko. Idan da ma tana da SSD amma tana sanƙarewa da zarar ka buɗe shafuka da yawa, RAM ne. A ganina giga 8 shi ne mafi ƙaranci a yau. Ɗalibin da ke aikin taswira ko lissafi mai nauyi a Jami'ar André Salifou, ko mai haɗa bidiyon biki da suna, ya nemi 16.

Akwai kuma abin da ya kamata ka auna kafin ka zuba kuɗi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in injin da ke sarrafa aikin kwamfutar na Intel ne, sai na ƙarni na 8 zuwa sama. Idan lambar injinka ta fara da 6 ko 7, kamar i5-6300U, kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ka yi tunanin ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, waɗanda ba su da nauyi kuma kyauta ne.

Sayen kaya

RAM na kwamfutar tafi-da-gidanka gajere ne, ana ce masa SO-DIMM, kuma iri-iri ne da ba sa shiga gurbin juna. DDR3L yana da haƙora 204, DDR4 yana da 260, DDR5 yana da 262, kuma tsagin da ke tsakiyar haƙoran ba wuri ɗaya yake ba. A DDR3 ka lura da harafin L: mai L yana aiki da bolt 1.35, marar L da 1.5, kuma kwamfutoci da yawa ba sa tashi da marar L. Idan gurbi biyu gare ka, biyu masu girma ɗaya sun fi ɗaya babba sauri, don injin yana ɗiba daga dukansu a lokaci guda. In saurinsu ya bambanta ba laifi, duka za su koma saurin na ƙasa.

SSD siriri ana ce masa M.2, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Lambar 2280 tana nufin faɗi milimita 22, tsawo 80, akwai kuma gajeru 2242 da 2230. Bayan tsawo sai nau'i: akwai M.2 SATA, wanda saurinsa yake tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, akwai M.2 NVMe da ke iya kai 3500 ko fiye. A ido sun yi kama, SATA yawanci tsagi biyu gare shi, NVMe ɗaya. Wani gurbin yana karɓar duka biyun, wani ɗaya kawai, kuma SSD zai iya shiga gurbi daram amma kwamfuta ta ƙi ganinsa. Ga siririyar kwamfuta ka zaɓi wanda ƙwayoyinsa suke gefe ɗaya, don mai gefe biyu yana iya yin kauri ya lanƙwashe.

Ko a shagunan da ke kewayen kasuwar Dole za ka saya, ko za ka aika a sayo maka a titin Beirut a Kano, ka ba da cikakkiyar lambar kwamfutar da hoton tsohon kayan, kuma ku yi magana da mai shago tun farko cewa in bai yi ba za ka mayar. SSD na hannu kuwa a gwada shi a gabanka da manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna lafiyarsa da awowin da ya yi yana aiki. Wanda ba shi da sunan kamfani sananne, kuma arahar ta yi yawa, ka bar shi. Ma'ajiya ita ce inda kundin digirinka da hotunan iyalinka za su kwana.

Kayan aiki ba su da yawa: sukudireba mai bakin gicciye PH0 da PH00, wata kwamfutar kamar XPS 13 tana son Torx T5 mai bakin tauraro, MacBook kuma P5. Sai katin roba, irin babban katin nan da ake ɓallo layin waya daga jikinsa ya isa, da buroshi mai laushi, da guntun kwali.

Kafin ka kashe ta

Kwafe duk abin da kake so zuwa wata ma'ajiya ta waje. Sannan ka duba ko BitLocker, makullin ma'ajiya na Windows, yana kunne, don kwamfutoci da yawa da suka fito daga ofisoshin Turai, da sababbi masu Windows 11, ma'ajiyarsu a kulle take ba tare da mai ita ya sani ba. Mabuɗin lambobi 48 ne. Ka nemo shi ka rubuta a takarda, ko ka kashe kullen gaba ɗaya kafin aiki. In ba haka ba, ranar da ka jona tsohon SSD don ɗauko fayilolinka zai tambaye ka mabuɗi, kuma babu mai gyaran da zai buɗe maka shi.

Idan SSD za ka canza, shirya kilen USB mai giga 8 ko fiye, ka ɗora masa Windows da manhajar Microsoft ta kyauta ko da Rufus. Saukewar tana cin giga da dama, gara ka je inda wifi yake da ƙarfi. Ana iya kwafe tsohuwar ma'ajiya dungurungum zuwa sabuwa, amma ni na fi son ɗorawa sabuwa fil, musamman ga kwamfutar hannu da ba ka san abin da mai ita na farko ya bari a ciki ba. Lasisin Windows yawanci yana ɗaure da babban allo, zai dawo da kansa idan ka hau intanet.

Ka bar cajin batir ya sauka zuwa kamar rubu'i, batir marar caji da yawa ya fi ƙarancin haɗari idan aka yi kuskure. Kashe ta sosai, ka riƙe Shift lokacin da kake danna kashewa. A ThinkPad akwai wani zaɓi na kashe batirin ciki a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ana shiga da F1, ka yi amfani da shi. Cire caja, da katin SD, da tiren layin waya in tana da shi, don shi yakan riƙe murfi har ya karye.

Wurin aiki

Da safe ya fi, haske ya wadata, zafi bai taso ba, gumi ba ya ɗiga a kan allo. Tebur na katako, taga a rufe. Lokacin hunturu iskarmu ta bushe ƙwarai, shi ya sa mutum yake jin ɗan tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota. Wannan tartsatsin da bai dame ka ba ya isa ya kashe RAM. Kada ka yi aiki a kan tabarmar roba, ko darduma, ko bargo. Sa rigar auduga, cire takalmi ka taka siminti, ka riƙa taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka ɗauki kowane kaya, kuma ka riƙe shi ta gefe, ban da haƙoran nan masu ruwan zinariya. Yara kuma a sallame su zuwa tsakar gida, notunan ƙanana ne ƙwarai.

Buɗewa

Kifa kwamfutar a kan ƙyalle mai tsabta. Zana siffar murfin a kan kwalin nan, duk notin da ka kwance ka soka shi a daidai wurinsa a zanen. Notunan ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogon noti a gajeren rami yana iya huda batir ko ya kumburo wurin ɗora hannu. Danna sukudireba sosai kafin ka juya, don in kan noti ya cinye, aikin minti biyar ya zama na yini. A wasu ThinkPad da Latitude notunan ba sa fita daga murfi, suna sassautawa ne kawai, kada ka ja su da ƙarfi. Wasu kuma suna ɓoye ƙarƙashin robar ƙafa ko ƙarƙashin tambari.

Yanzu sa bakin katin roba a tsagin da ke tsakanin murfi da jiki, galibi ta wajen maƙalar fuska ya fi sauƙi. Kada ya shiga fiye da milimita biyu ko uku. Ja shi a hankali ka zagaya, za ka riƙa jin ƙas, ƙas, ƙugiyoyin roba suna saki. Ban da wuƙa, ban da bakin sukudireba. Idan wani gefe ya ƙi tashi, tsaya, akwai notin da ka manta.

Da murfin ya tashi, ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai.

Batir tukuna

Wannan matakin shi ne wanda ba na yarda a tsallake shi ko da RAM kawai za a sa. Kwamfuta ko a kashe take, muddin batir yana jone akwai wuta a babban allo. Noti ɗaya ya faɗa a kai, ko bakin sukudireba ya goga, allon ya ƙone, kuma kuɗin allo ya kusa kuɗin kwamfutar. Bi wayoyin da suka fito daga batir zuwa inda suka shiga allo. Kama kan robar da farce ta gefe biyu ka zare shi a miƙe, wani ana ja baya ne, wani ana ɗagawa sama, littafin zai nuna maka. Kada ka ja ta wayoyin. Bayan nan ɗan buɗe fuskar ka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don sauran wutar ta fita.

Tunda kana nan, dubi batirin da kyau. Zafin Afrilu da Mayu, da yake wuce digiri 40 a garin nan, yana cin batirin litiyom, balle wanda ke kwana a caji ko ake barinsa cikin mota. Idan ya kumbura, ko ka lura wurin linzami ya ɗago, kada ka danna shi, kada ka huda shi wai iska ta fita, yana iya kamawa da wuta. Kwance notunansa ka cire shi, ka ajiye shi a waje cikin yashi nesa da ɗaki da rana, ka nemi sabo da lambar da ke jikinsa. Kada a jefa shi a bola inda ake cinna wa shara wuta.

Sa RAM

Wani lokaci yana ƙarƙashin baƙar leda ko murfin ƙarfe siriri, ɗaga shi a hankali. Don cire tsoho, tura ƙarafunan nan biyu na gefe waje da yatsu, zai ɗago da kansa, sai ka zare. Sabon kuma daidaita tsaginsa da na gurbin, ka shigar da shi a karkace kamar digiri 30, ka tura har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka kwantar da shi har ka ji ƙarafunan sun kama. In ka ga sai ka yi ƙarfi, ka juya shi ne ko ba irinsa ba ne.

Sa SSD

Noti ɗaya ne ƙarami ke riƙe da wutsiyarsa, kuma in ya ɓata samun irinsa wahala ne, ka kula da shi. Kwance shi, SSD zai ɗago, zare shi a miƙe. Shigar da sabo a ɗan karkace, kwantar da shi, ɗaura notin daidai ba tare da matsewa ba. Idan tsohon yana da rigar ƙarfe ko ta tagulla, ko wata roba mai laushi a like, mayar da su kan sabon, su ke janye masa zafi. Mai faifan inci 2.5 kuwa ya nemi SSD mai kaurin milimita 7, ya mayar masa da ƙarafunan gefe na tsohon, ya kuma lallaɓa siririyar wayar da ke haɗa shi da allo, ita ce mai saurin yagewa.

Katin wifi ma yana canzuwa a wasu, amma in yana aiki ka ƙyale shi. Kawunan wayoyinsa biyu suna saurin ɓallewa, kuma wasu tsofaffin HP da Lenovo ba sa karɓar katin da ba nasu ba.

Fanka da ƙura

Wanda ya buɗe kwamfuta a Damagaram ya rufe bai share fanka ba, ya yi rabin aiki. Injin da ya yi zafi yana rage saurinsa da kansa don kada ya ƙone, don haka ko ka sa mata giga 32, in iska ba ta fita za ta ci gaba da jan ƙafa. Dattin yana taruwa ne tsakanin fanka da ƴan siraran ƙarafunan mafitar iska, ya dunƙule ya toshe hanya. Kwance notunan fanka, zare ƴar wayarta, ɗaga ta, ka share da buroshi. Idan za ka hura iska, riƙe fikafikan da yatsa kada su yi ta juyawa. Kada ka hura da baki, akwai danshi, kuma kada ka kai ta wurin mai faci a sa mata iskar taya, ƙarfin ya yi yawa kuma takan zo da ruwa.

Idan kwamfutar ta shekara da yawa ba a buɗe ta ba, man da ke tsakanin inji da bututun tagulla ya bushe. Notunan wurin suna da lamba 1, 2, 3, 4, ka sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi. Goge tsohon man da auduga da alkol mai ƙarfi, na digiri 90 zuwa sama, ka bari ya bushe. Ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa a kan kowane gilashin inji, ka mayar da bututun a miƙe, ka ɗaura bisa jerin lambobin. Amma in ba ka da sabon man a hannu, kada ka ɗaga bututun ko kaɗan, kuma man goge baki ba ya maye gurbinsa, duk wanda ya faɗa maka haka kada ka saurare shi. Kada ka manta da mayar da wayar fanka.

Rufewa da gwaji

Gwada cikin da hoton da ka ɗauka. Jona batir a ƙarshe. Ɗora murfi ba tare da noti ba, juya ta, sa caja, kunna. Karon farko bayan canza RAM fuskar tana iya zama baƙa na ɗan lokaci, a DDR5 har minti ɗaya ko biyu, ka yi haƙuri. Shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka ga ko sabon RAM da SSD sun bayyana. In sun bayyana, kashe ta, danna murfin ya zagaya ya kama, ka mayar da kowane noti raminsa daga kwalin.

In ba ta nuna komai ba, ko fitila tana ƙyaftawa, yawanci RAM ne bai zauna ba. Cire caja da batir, sake zaunar da shi. In ta ƙi, mayar da tsohon, idan ta tashi da shi to sabon ne bai dace ba, sai ka koma wurin mai shago.

Cika batir kafin ka fara ɗora Windows, don in an ɗauke wuta aiki kada ya yanke a tsakiya. Sa kilen, ka danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo ka zaɓe shi. A kwamfutoci masu injin Intel na ƙarni na 11 zuwa sama, wani lokaci mai ɗorawar yana cewa bai ga ma'ajiya ba alhali BIOS ya gan ta. SSD ɗin lafiya lau yake: ko ka sauke direban Intel RST daga shafin kamfanin kwamfutar ka sa a kilen, ko ka kashe VMD a BIOS in akwai zaɓin. Kuma ka tabbata Windows mai bit 64 ka ɗora, mai 32 ba ya amfani da abin da ya wuce giga 4.

Tsohon SSD kada ka sayar da shi nan take. Saya masa ƴar riga mai USB wadda ta dace da nau'insa, SATA ko NVMe, ka kwashe fayilolinka, ka bar shi yadda yake na wasu makonni har ka tabbata sabon yana aiki ba matsala. Bayan nan ka goge shi ya zama ma'ajiyarka ta waje. Idan kuma sayarwa za ka yi ko kyauta, gogewar sama-sama ba ta isa ba, ka yi amfani da manhajar kamfanin SSD ɗin ko zaɓin gogewa da ke BIOS na wasu HP da Dell da Lenovo, wanda ke share komai yadda ba za a iya dawo da shi ba.